Ba kowane jini ba ne basir: wa ke bin sawun masu gashin kansa in sun koma gida?

Ƴan uwa, maganar yau ba ta da daɗin faɗi a majalisa. Maganar jinin da ke fita ta dubura ce. Ku yi haƙuri da kalmar, haka likita ke kiranta, kuma kunyar kiranta na cikin abin da ke cinye mutanenmu a ɓoye. Jinin da nake nufi shi ne wanda ke zo wa mutumin da aka yi wa gashin kansa a mara ko a ƙugu, abin da likitoci ke ce wa rediyoterapi, bayan an sallame shi ya koma gida. Wani sai bayan wata takwas, wani sai bayan shekara ɗaya ko biyu. Ra'ayina a kai gajere ne: ƙasar da ta iya kafa injin gashi, wajibinta ne ta bi majinyaci har ƙauyensu da maganin abin da gashin ya bari a jikinsa. In ba a yi haka ba, rabin aiki aka yi.

Mu fara da yabon abin da ya cancanci yabo. A watan Maris na 2021, a ƙarshen mulkin Mahamadu Isufu, aka buɗe sashen gashi na farko a Nijar, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Da injin kobal aka fara, aka ƙiyasta zai ɗauki majinyata kamar 600 a shekara. Kafin nan, mai buƙatar gashi sai dai a fitar da shi waje in yana da gata ko kuɗɗi. Marar gata ya koma gida ya jira wa'adi. Ku tuna fa, tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit. Shekara 50 cur ƙasar nan na ciyar da tashoshin nukiliyar wasu kafin talakanta ya ga irin wannan ilimi ya yi masa magani a gida. A 2022 kuma Nijar na cikin ƙasashen Afirka bakwai na farko da AIEA ta sa cikin shirinta na faɗaɗa gashin kansa. Duk wannan ci gaba ne, ba mai musu.

To amma injin yana Yamai, majinyata kuwa daga ko'ina suke.

A ce mace ce daga Sukukutane, can arewacin Dogon Dutsi, aka gano tana da kansar bakin mahaifa, wadda ita ce ta biyu wajen kama mata a ƙasar nan, bayan ta nono. Sai ta fara isowa Dutsi, sannan ta kama babbar hanya ta bi ta Doso, kilomita wajen 270 daga Dutsi zuwa Yamai. Gashin wannan ciwo ba na yini ɗaya ba ne. Galibi zama 25 ne, kwana biyar a mako har mako biyar, sau da yawa haɗe da kimiyo. An sayar da akuya, an sayar da damen hatsi, ɗan da ke bida a Legas ko Kwatano ya turo abin da ya samu, ta sauka gidan wani ɗan uwa a Yamai ta kwana a tsakar gida. Allah ya taimaka, ƙarin ya narke, aka sallame ta. Gari ya zo barka.

Bayan wata goma sai ta fara ganin jini in ta zaga. Wa za ta gaya wa? Mijin da ya riga ya sayar da abin hannunsa? Ɗanta namiji? Majon likitar garinsu, wanda wataƙila tunda ya fita makaranta ba a taɓa zaunar da shi an yi masa bayanin wannan matsala ba? Amsar da za ta ji daga bakin kowa ɗaya ce: "Basir ne, mai jini. Ki sha jiƙo." Haka abin yake ga dattijon Tibiri ko Gesheme ko Matankari da aka gasa wa kansar furostat, da wanda aka gasa wa mafitsara ko duburar kanta.

Me ke kawo jinin? Ƙarshen hanji, inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita, yana manne da bayan mahaifa da farji a jikin mace, yana manne da furostat a jikin namiji. Hasken da aka auna ga kansar ba ya iya kauce masa gaba ɗaya. A lokacin gashin, ko cikin makonnin da ke biye, mutum kan yi zawo, da majina, da jin kamar bai gama bayan gida ba. Wannan na farko yakan wuce da kansa in an gama. Na biyun shi ne mai zuwa a makare. Hasken kan ƙuntata ƙananan jijiyoyin jinin wurin sannu a hankali, naman ya rasa isasshen jini, sai jiki ya tsiro da wasu sababbin jijiyoyi sirara a fatar ciki. Waɗannan ba su da ƙwari. Bayan gida mai tauri ya goge su, sai su fashe. Littattafan likita na ƙiyasta cewa tsakanin mutum 5 zuwa 20 cikin 100 da aka gasa wa ƙugu ne ke samun wannan, gwargwadon yawan hasken da irin injin da aka yi aiki da shi. Injunan zamani masu tsara haske daidai siffar ƙari na rage abin, amma har a Faransa da Amurka ba su kawar da shi ba.

Abu uku nake so kowa ya riƙe a nan. Wannan jini ba ya nufin likita ya yi kuskure, sananniyar illa ce da ake rubutawa a kowane littafin gashi. Ba ya yaɗuwa: wanda aka gasa da injin waje ba ya ɗauke da haske a jikinsa, ba dalilin raba masa kwano ko shimfiɗa. Kuma jinin shi kaɗai ba hujja ba ne cewa kansar ta dawo. Sai dai kuma ba a yanke hukunci daga zaure. Jinin dubura na iya zama na basir ɗin gaske, ko tsagewa, ko atini, ko wata kansar hanji dabam, ko dawowar ta farko. Abin da ke raba gardama shi ne likita ya duba da hannu, sannan a leƙa ciki da ɗan bututu mai fitila da kyamara. Jijiyoyin da gashi ya bari suna da kamanni nasu, wanda ya saba yana gani zai gane.

Yanzu ga labari mai daɗi: yana da magani, kuma matakan farko ba masu tsada ba ne.

Mataki na farko, a auna jini a ga ko ya ragu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kusan rabin matan da ke shekarun haihuwa dama suna fama da ƙarancin jini. A ba da ƙwayar ƙarin jini, in ya yi ƙasa sosai a yi ƙari. A tausasa bayan gida da shan ruwa da ganye irin su zogale da kuka da kuɓewa, a daina yunƙuri. A binciki magungunan da mutum ke sha, domin aspirin da diklofenak da ibuprofen, waɗanda ake talla a faranti a kowace tasha, suna ƙara zubar jini. Wanda likitan zuciya ya ɗora kan maganin tsinka jini kada ya daina da kansa, ya koma wurin wanda ya rubuta masa. Ga mutane da yawa masu ɗan ɗigo kaɗan, wannan ya isa, jinin kan ja baya da kansa.

Mataki na biyu, sukralfat. Maganin gyambon ciki ne da aka daɗe da sani. Ana dama shi da ruwa kaɗan, a ɗura ta dubura safe da yamma na wasu makonni, ya shafe wurin kamar yaɓe. A 1991 likitoci a Chandigarh ta Indiya suka gwada shi da maganin da aka saba bayarwa a lokacin, suka ga masu sukralfat sun fi samun sauƙi. Ba ya buƙatar firji, ba ya buƙatar lantarki. Da zarar likita ya tabbatar da ciwon ya rubuta awo, ungozoma ko majo na iya koya wa majinyaciya ta riƙa yi da kanta a ɗakinta.

Mataki na uku na masu jinin da ya ƙi tsayawa ne. Akwai ƙona jijiyoyin da iskar argon ta cikin bututun kyamara. Galibi zama ɗaya zuwa uku ake yi, kuma a yawancin rahotanni mutum takwas cikin goma ko fiye na samun sauƙi. Inda ba wannan na'ura, tun 1986 likitocin tiyata ke amfani da formol da aka tsinka ƙwarai, kashi 4 cikin 100, su dangwala a kan jijiyoyin suna kallo. E, formol ɗin da kuka sani na ɗakin ajiye gawa. Shi ya sa nake roƙo da babbar murya: wannan aikin ƙwararre ne a asibiti. Wanda ya gwada a gida zai ƙona hanjinsa, ƙila ya rasa ransa. Akwai kuma shigar da mutum ɗakin iskar oksijen mai matsi zama 30 zuwa 40, amma yana da tsada, kuma manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi a kansa, na 2008 da na 2016, ba su ba da amsa ɗaya ba. Ba shi ne abin da za mu fara nema ba. Tiyata ita ce ta ƙarshe, domin naman da aka gasa ba ya haɗewa da sauƙi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni tsoro game da kalmar "basir". A ƙasar Hausa, da an ce basir, hanya biyu ce ke buɗe: mai lasifika a kasuwa da jarkokinsa, ko mai aska da zai "yanke tsiro". Jiƙo zai cinye watanni jini na tsiyaya, har mutum ya ɗashe, ya riƙa haki in ya ɗauki tulu. Aska kuwa a naman da aka gasa na iya barin gyambon da ba ya warkewa, har ya huda tsakanin dubura da farji, bayan gida ya riƙa bi ta gaba. Hatta likitoci ana gargaɗinsu kada su yanki naman wurin don gwaji sai da dalili mai ƙarfi. Mun san abin da yoyon fitsari ya yi wa auren mata da mutuncinsu a ƙasar nan. A ce mace ta tsira daga kansa sannan ta faɗa wannan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Asarar kuma ba ta tsaya kanta ba. Ƙauye na kallo. In aka ga wadda ta je Yamai ta dawo tana zubar da jini tana ramewa, ba wanda ya yi bayani, hukuncin da za a yanke a bakin rijiya shi ne: "Wutar nan tasu ita ta ƙone mata ciki." Gobe in aka ce wa maƙwabciyarta ta je gashi, mijin zai ce a'a, uwar za ta ce a'a, kuma kansar bakin mahaifa da ba a yi wa magani ba kisa take yi. Majinyaci ɗaya da aka yi watsi da shi bayan sallama na iya rufe ƙofar asibiti ga mata goma da ba su ma san sunan CNLC ba.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko: ƙasar da zazzaɓin sauro da tamowa ke ɗibar yara kowace damina, ina ita ina damuwa da ƴan tsirarun da suka yi gashi? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ku duba abin da ake nema: takarda, horo na kwana biyu, lambar waya, da maganin gyambon ciki. An riga an kashe babban kuɗin wajen gina ɗakin injin da horar da ma'aikata shekara da shekaru. Iyalin ma sun riga sun kashe nasu. Wanda ya haƙa rijiya gaba talatin ba ya tsayawa jayayya kan kuɗin guga.

Na biyu: in kuka yi ta faɗin illar gashi, za ku tsorata mutane su ƙi zuwa. Ni a ganina shirun ne ke tsoratarwa. Wadda aka gaya wa tun farko cewa "wataƙila bayan shekara ki ga jini, in kin gani kada ki firgita, ga abin da za ki yi", ranar da ta gani za ta ce likita ya faɗa. Amincewarta ƙaruwa za ta yi. Wadda aka ɓoye wa kuwa, ranar da ta gani za ta ce an cuce ta. Kuma a fahimce ni da kyau: wanda likita ya ce ya yi gashi, ya je ya yi, ya cika zamansa ba tsallake. Jinin da ke iya biyowa baya yana da magani. Kansar da aka bari ta bazu, sai dai a rage mata zafi.

Ga abin da ya kamata mu nema daga ma'aikatar lafiya, da CNLC, da hukumomin lafiya na jahar Doso.

Ɗaya: duk wanda aka gasa wa ƙugu ya fita da kati a hannunsa, an rubuta wurin da aka gasa, da yawan hasken, da ranar gamawa, da alamomin da za a kula da su har shekaru masu zuwa. A yi masa bayanin da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, a gaban wanda ya rako shi. A tura masa saƙon murya a waya, tunda ba kowa ke karatu ba amma kowa na saurare.

Biyu: a horar da majo-majo da ungozomomin CSI na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, daga Sukukutane da Dogon Kiriya da Ɗan Kasari har Dumega da Kore Mai Ruwa, su riƙa yin tambaya ɗaya ga duk mai jinin dubura: "An taɓa yi miki gashi?" Tambayar nan kaɗai na iya canza komai.

Uku: lambar waya a CNLC da ma'aikacin lafiya na karkara zai kira ya samu mai amsawa. Ba kowane ɗigon jini ne ke buƙatar kuɗin mota zuwa Yamai ba, amma wani ya san ciwon ne ya kamata ya tantance.

Huɗu: sukralfat da ƙwayar ƙarin jini su kasance a farmasin asibitin gunduma kullum, kuma babban asibitin jaha na Doso ya zama wurin da za a leƙa hanji a kuma tsayar da jinin, da na'ura mai aiki da ƙwararren da ke zaune a wurin. Wannan zai rage wa ɗan Arewa rabin tafiya, kuma na'urar za ta yi wa masu ciwon hanji iri-iri amfani.

Biyar: tun 2007 doka ta ce maganin kansar mata kyauta ne a asibitocin gwamnati. Muna so a fito fili a ce kyautar ta haɗa da illar da maganin ya bari. Masu bincike na LASDEL sun daɗe da nuna yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗin kyautar magani ke barin kantocinsu wayam, majinyaci ya koma saye da ordonas. Kyautar da ke kan takarda kaɗai ba ta tsayar da jini. Maza masu kansar furostat su ma a duba lamarinsu.

Shida: a riƙa ƙirga. Mutum nawa aka gasa, nawa suka dawo randebu, nawa suka samu jini, nawa suka ɓace ba labari? A wallafa alƙaluman kowace shekara. Abin da ba a ƙirga ba, ba ya shiga kasafi.

Mu kuma fa, matasan birni? Yawancinmu da ke Yamai da Doso da Maradi muna da uwa ko inna ko kaka a ƙauye, kuma mu ne ake saukar wa in an zo asibiti. Mu ke riƙe dosiye, mu ke jin Faransancin likita. To kafin a bar asibiti, ka tambaya: "Wace illa za ta iya zuwa daga baya, kuma wa za mu kira?" Ka ɗauki hoton takardun ka ajiye a wayarka. Bayan an koma gida kada kiran ya tsaya ga "ya jiki?", domin amsar kullum "da sauƙi" ce. Uwa ba za ta gaya wa ɗanta namiji wannan magana ba, ko za ta mutu. Ka sa ƴar uwarka ko matarka ta keɓe da ita ta tambaya: "Inna, in kin zaga kina ganin jini?" Baba kuma a samu ƙanensa ko amininsa ya tambaye shi. Ciwon ɗiya mace na ɗiya mace ne, ƴan mata, wannan aikin ku kuka fi kowa iya shi.

Ku kuma riƙe alamomin da ba a kwana da su: jini mai gudaji ko mai yawa, jiri da faɗuwa, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, bayan gida baƙi ƙirin ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani, iska ko bayan gida na fita ta gaba. Ko ɗaya aka gani, a nufi asibiti a ranar, da katin gashi a hannu. Kuma duk mai lafiya a cikinmu ya saba da ba da jini tun ba a kira shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hukumar lafiya ta duniya ta sa wa ƙasashe buri a 2020: kafin 2030, a yi wa kashi 90 cikin 100 na ƴan mata rigakafin ƙwayar HPV, a auna kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka gano da ciwon magani. In muka matsa kusa da wannan buri, masu zuwa gashi ƙaruwa za su yi, masu rayuwa shekaru bayan gashi su ma su ƙaru. Ke nan tambayar da muka ɗora yau za ta ƙara girma ne kowace shekara. Gara a shirya mata tun masu ita ba su da yawa.

Ku tura wannan rubutu ga duk ma'aikacin lafiyar da kuka sani a Arewa. Ku karanta wa na gida da murya. Wanda ke da ɗan uwa da ya taɓa yin gashi, ya kira gida yau, kada ya bari sai gobe. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa kaffara ne.